Kawu da Zabirar Na'ura

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na unguwar Birni a Damagaram, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kwana uku na zauna a ƙofar gidan ina karɓar gaisuwa, domin ni ɗan ƙanwarsa ne, ƴaƴansa maza kuma suna nesa, sai rana ta biyu suka iso. Jama'a sun zo sosai, kowa da alherin da ya faɗa. Liman ya ce bai taɓa rasa shi a sahu ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Mai shayin bakin titi ya ce bai taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Amma da hira ta gangaro kan aikinsa, sai aka rasa mai faɗin daidai. Wani maƙwabci ya ce buga takardu yake yi. Wani ya ce a'a, gyaran talabijin ne. Wani tsoho ya gyara zama ya ce, "Ni na taɓa leƙa biron nasu, ofishin da yake aiki. Talabijin ce dai, amma babu mutane a ciki, sai koren rubutu. Yini guda yana kallonta, ko hamma ba ya yi."

Aka yi ƴar dariya irin ta zaman makoki, aka koma salati.

Da na shiga gaida matarsa, wadda muke kira Inna, ta tambaye ni abin da ake cewa a waje. Na gaya mata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Tun ina yarinya nake wanke masa riga, ni ma in aka tambaye ni ban san me zan ce ba. Kai ka bi shi biro. Tunda yanzu ka iya alƙalami, ka rubuta, kada jikokinsa su tashi suna cewa kakansu mai gyaran talabijin ne."

Da girmana na koyi rubutu, a ajin manya na unguwarmu ta Kara-Kara, saboda haka ba zan faɗi abin da ya fi ƙarfina ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, da abin da ya bayyana mini da bakinsa.

A shekarun fari ne ya sama mini aikin falanto a biron da yake aiki, wato in yi shara, in kai takarda, in karɓo takarda. Biron na rabon hatsin taimako ne. A lokacin gero ya yi shekara biyu yana bushewa tun bai kai gwiwa ba, mutanen ƙauye suna shigowa Damagaram da tabarmi da tukwane a ka. Kawu shi ke riƙe da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ita kaɗai a ginin. A cikinta ake jera sunayen ƙauyuka da yawan gidajensu, a zuba a faifai a aika Yamai. Abin da na'urar Yamai ta fitar, shi ake bi a loda kamiyo, wato babbar motar kaya.

Ba ya shiga ɗakin na'urar da takalmi. In zai tashi sai ya lulluɓe ta da wani zane mai shuɗi da Inna ta yi wa kalmasa. Farin goro kaɗai yake ci, ya raba shi huɗu da farce, ya jera a gefen tebur, kowane ɓari da lokacinsa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke yana tsakiyar aiki, ba ya tsaki. Sai ya jawo takarda ya ci gaba da fensir, ya ce, "Ita ta gaji, ni ban gaji ba."

Wata rana wani mai gari daga ƙauyukan Gidimuni ya iso biro da sandarsa, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya ce kamiyo ya wuce ta gefensu sau biyu bai tsaya ba, direba ya ce ba su cikin takarda. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa na kawo ruwa, sannan ya shigar da shi ɗakin na'ura ya nuna masa wani layi da yatsa.

"Baba, ga garinku nan. Ni na sa shi da hannuna."

Tsohon ya sunkuya ya duba, ya ɗago, ya kira shi da sunan da ake kiran ƴan boko a wajenmu. "To, Mushe. Mu muna cikin akwati, hatsi kuma yana Mirriya. Wa zai gaya wa yara su ci akwati?"

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Ya shiga wurin shugaban biro, bai fito ba sai da aka rubuta takarda da hannu aka ba tsohon buhunan da aka tsallake. Kawu ya sa tsohon ya kwana gidansa. Bayan nan ya yi kwana shida yana bin diddigi, har ya gano ba garin nan kaɗai ba ne. Duk jerin da ya yi tsawo, in ya isa Yamai, wutsiyarsa ke guntulewa. Ƙauyukan Gidimuni su ake shigarwa a ƙarshe, su ne a wutsiya.

Na tambaye shi ko mutanen Yamai ne ke share su. Ya ce a'a, ya zaunar da ni.

"Ɗana, na'ura ba ta jin maganar mutum. Akwai wani harshe da muke rubuta mata umarni da shi, amma shi ma sai da tafinta a tsakani, ya juya mata shi yadda take ji. Tafintan nan ba mutum ba ne, a faifai yake, kamfani ke yin sa ya sayar. Kamfani uku ne ke yin na harshen da muke aiki da shi, duk a ƙasashen Turawa. Ka gane?"

Na ce na gane.

"Yauwa. Ka san zabirar wanzami? Aska, ƙaho, almakashi. In wanzamin Zango ya ari zabirar na Birni, zai yi aski ba tare da tambaya ba, don kayan iri ɗaya ne. Harshen nan namu na na'ura ma yana da zabira, ƙananan kayan aiki da kowa ke ɗauka: mai karanta jeri, mai tsara suna, mai haɗa lissafi. To kowane kamfani ya cika zabirarsa yadda ya ga dama. Tafintanmu na nan na ƙaramin kamfani ne, na Yamai na babban ne. Mai karanta jeri na babban, in ya kai wani wuri sai ya tsaya, ya ce ya gama, ba ya ko faɗin cewa ya bar saura."

Dabara ta wucin gadi ya fara yi. Ya riƙa datsa jerin gunduwa-gunduwa, yana bin kowane faifai da takardar gargaɗi. Amma duk sa'ad da aka canja ma'aikaci a Yamai sai a manta, a sake tsallake wasu. Ya ce magani ɗaya ne, zabira ta zama ɗaya a ko'ina.

Ashe ba shi kaɗai abin ya dama ba. Akwai masu aiki da harshen a wasu ƙasashe, suna wasiƙa da juna, ba su taɓa haɗuwa ba. Suka yi shawara ta takarda har suka daidaita kan kayan da ya kamata kowace zabira ta ƙunsa, da yadda kowane zai yi aiki. Kawu shi ya rubuta sashen karanta jeri. Sai dai yarjejeniyarsu takarda ce kawai muddin masu yin tafinta ba su sa ta cikin abin da suke sayarwa ba. Aka ɗora wa Kawu neman yardarsu, don an ce shi ne mai haƙurin cikinsu.

Ni ke kai wasiƙun gidan waya. Da yake ban iya karatu ba, sai ya riƙa yi mini ɗigo a kusurwa: uku na babban kamfani, biyu na matsakaici, ɗaya na ƙarami. Bai taɓa ce mini don ban iya karatu ba ne. Ya ce don shi kansa kada ya rikice.

Amsa takan ɗauki wata biyu. Da suka zo, duk bakinsu ɗaya. Kowane ya ce abu ne mai kyau, in sauran biyun sun karɓa shi ma zai duba.

A nan ne suka saɓa da yayansa, wanda muke kira Kawu Babba, dillali ne a kara, kasuwar dabbobi. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, muna zaure ana shan fura. Kawu ya ba da labarin amsoshin. Kawu Babba ya ajiye ludayi yana dariya.

"Wannan ne ya hana ka barci, Mushe? Ai kullum shi nake yi. Mai saniya ya ce sai mai saye ya motsa, mai saye ya ce sai mai saniya ya sauko. Sai in raɗa wa wannan cewa wancan ya sallama, in raɗa wa wancan cewa wannan ya yarda. Kafin su farga na haɗa hannuwansu. Rubuta wa kowane ka ce ƴan uwansa sun karɓa."

"Yaya, ai ƙarya ce."

"Dillanci ne."

"Ba su karɓa ba."

"Za su karɓa. Gaskiyar gobe ce ka faɗa yau. Mutane na cin ganye a Gidimuni, kai kana nan kana wanke hannu."

Kawu ya ce, "In na fara da ƙarya, ran da na ce musu kayansu na yanke sunan gari, wa zai yarda da ni?"

"An kai ka lakwal karatun boko an mayar da kai Bature, ko Baturen ma ya fi ka wayo."

Kawu ya ajiye ludayinsa. Ya tashi ya sa takalmi. Daga ranar suka daina shan fura a ƙwarya ɗaya. Suna gaisawa, suna bin sahu ɗaya, amma ran Juma'a Inna ƙwarya biyu take damawa.

Abin da Kawu ya zaɓa ya fi wuya. Ya ce wanda ka roƙa ya ɗinka maka riga yana ja da baya, kai masa ita a yanke, allura kaɗai ta rage. Ya zauna ya ƙera zabirar gaba ɗaya yadda za ta shiga tafintan ƙaramin kamfani, tunda shi ke gabansa, ya haɗa da gwaje-gwajen da za su nuna kowane kaya na aiki daidai. Ya ce in ƙaramin ya karɓa, manyan sun rasa hujja. Wata huɗu ya yi a kai, bayan aikinsa na kullum, rabi a na'ura rabi da fensir.

Ran da ya gama, ya haɗa ƙunshi uku masu takardar naɗi iri ɗaya, ya sa cikin jakar fata ya ɗaure da kansa, ya miƙo mini. Ban ga abin da ya sa a kowane ba.

Gidan waya ya cika ranar, mata da tsofaffi suna aika wa waɗanda suka tafi ci-rani wasiƙa. Da na kai gaba, ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya karɓi jakar, ya ce duk abin da zai fita ƙasa sai an duba. Ya warware ƙunshin ukun a kan tebur ɗaya, ya ɗaga faifai ya kalli haske da shi, ya tura mini komai a haɗe.

"Ɗaure kayanka ka matsa, akwai mutane."

Ga takardun naɗi uku da ɗigonsu, na san su. Ga kaya kashi uku: ɗaya mai kauri da faifai huɗu, ɗaya ƴan shafuka, ɗaya wasiƙa guda tak. Da na buɗe baki na ce wa wani ya duba mini, da an gama. Amma a layin akwai matan unguwarmu, suna ganina kullum da jakar takardu, suna ce mini ɗan biro. Kunya ta rufe mini baki. Sai na yi tunani irin na gidanmu. In an yanka ragon layya, cinya wa ake kai wa? Babba. Na ɗauki mai kaurin na naɗe a ɗigo uku, na sa wasiƙa guda a ɗigo ɗaya. Har na ji daɗin hankalina a hanyar komawa.

Bayan wata biyu da kwanaki na karɓo amsa mai tambarin babban kamfani. Kawu ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Sannan ya kira ni ya ce in rufe ƙofa.

"Ɗana, ran da ka kai ƙunshin nan, me ya faru a gidan waya?"

Na faɗa masa duka, har da cinyar rago. Ya sa hannu ya rufe bakinsa, na kasa gane ko dariya ce ko wani abu. Da ya sauke hannun sai ya ce, "Laifina ne. Na yi wa riga alama ban yi wa mai riga ba."

Ya fassara mini wasiƙar. Babban kamfani ya ce ƙunshin da ba nasa ba ya faɗo hannunsa. Sun duba aikin, sun ga ashe ƙaramin ya riga ya karɓa har an gama masa. Tunda haka ne, su ma suna so, a yi musu nasu.

Kafin la'asar labari ya kai kara. Kawu Babba ya zo biro da kansa, karo na farko, yana warin dabbobi, ya tsaya a ƙofar ɗakin na'ura da takalminsa.

"Ka gani? Abin da ka ƙi da iliminka, Allah ya yi maka ta hannun wanda bai san bihim ba. Kai ba ka yi ƙarya ba, su suka zata. Yanzu abu ɗaya ya rage maka, ka yi shiru."

Shugaban biro ma haka ya ce. Ni ma a zuciyata haka na ce, don tafintan babban shi ne a Yamai, shi ke yanke wutsiya.

Kawu ya kwana biyu yana nazarin maganar. Rana ta uku ya rubuta wasiƙa biyu, ya kira ni ya karanta mini su da Hausa, ya ce ba zai sake aikena da abin da ban sani ba. Ta ƙaramin ban haƙuri ce, da sabon faifai. Ta babban ta ce: ƙaramin bai karɓa ba, bai ma ga aikin ba, kuskure ne daga bironmu. In kuna so duk da haka, zan yi muku naku. Ga sunayen garuruwan da kayanku ke yankewa.

Na ce, "Kawu, in suka fasa fa?"

"Sai mu ci gaba da datsa jeri."

"Da kun bari sun sa hannu tukuna."

Ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. "Je ka, kada su rufe."

Na daɗe tsaye a gaban akwatin gidan waya. Na tuna ƙafafun mai garin nan. Babu wanda zai sani in wasiƙa ɗaya ta ɓata tsakanin Damagaram da ƙasar Turawa, wasiƙu na ɓata kullum. Har na mayar da ita aljihu na juya. Abin da ya dawo da ni, ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba. Na tuna zai tambaye ni, kuma ban san yadda ake kallon fuskar Kawu a faɗi abin da ba shi ba. Na jefa ta.

Ƙaramin kamfani ya amsa da wuri. Mutumin ya ce labarin ragon ya ba su dariya, don Kawu ya rubuta shi, bai faɗi sunana ba. Sun gwada aikin, ya yi, za su sa. Matsakaicin ya biyo baya da aka nuna masa takardar ƙaramin. Babban kuwa ya yi gum. Rani ya wuce, bazara ta wuce. Kawu ya samo tafintansu aro daga Yamai, ya ƙera musu nasu ba su tambaya ba, ya aika. Shiru. Sau biyu a cikin watannin nan aka sake tsallake garuruwa, sau biyu Kawu ya hau kamiyo da kansa ya bi su da takardar hannu. A karo na biyu ya dawo da zazzaɓin da ya kwantar da shi kwana goma. Kawu Babba ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Sannu, mai gaskiya."

Sai da damina ta kama, gero ya fara rufe ƙasa, aka bugo tarho daga Yamai wata safiya. Sabon tafinta ya iso daga babban kamfani, babu wasiƙa, babu godiya, sai littafinsa da ya ce yanzu yana ɗauke da zabirar da aka daidaita a kai. Kawu ya ce su sa faifanmu mafi tsawo, wanda bai datsa ba. Muka tsaya muna jira, shugaban biro na kai da komo.

Da suka ce ya fito, Kawu ya ce, "Kada ku karanta daga sama. Ku fara daga ƙasa."

Ya saurara. Sai ya ɗauke tarhon daga kunnensa ya ɗora a nawa. Na ji wani Bazabarme yana karanto sunayen ƙauyukan Gidimuni ɗaya bayan ɗaya, yana karya su da harshensa, amma babu wanda ya tsallake.

Kawu ya lulluɓe na'ura da zanenta tun rana ba ta yi tsaka ba. Ya ce, "Biya ta kara ka gaya wa Yaya. Ka faɗa masa yadda abin yake, kada ka ƙara, kada ka rage."

Na sami Kawu Babba yana duba haƙoran wani bijimi. Ya ji ni har ƙarshe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Cinyar ragonka ce ta yi aiki, ba wasiƙarsa ba. Ka gaya wa matarsa ran Juma'a ƙwarya ɗaya ta isa."

Har Kawu Babba ya bar duniya bai sauka daga maganarsa ba, Kawu ma bai taɓa yi masa gardama a kai ba. Fari ya sake dawowa bayan wasu shekaru, na'urori sun canja, Kawu ya yi furfura, amma ban ƙara ganin mai gari ya tako biro don an yanke sunan garinsa ba.

Wannan shi ne aikinsa, Inna, gwargwadon abin da na sani. Ya Allah, bawanka ya ƙi a manta da kowa a ƙarshen jeri. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka kira sunansa cikin waɗanda ka yarda da su. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen.